Kamfanin Tarho da Jami'o'i: Yadda Bell Labs Ta Raba Iliminta, da Yadda Zumuncin Ya Ƙare a Kotu

A shekarar 1992 wani reshe na kamfanin AT&T, wanda a zamaninsa ya fi kowane kamfanin tarho girma a duniya, ya shigar da ƙara a wata kotun tarayya da ke jihar New Jersey ta Amurka. Da farko wani ƙaramin kamfani mai suna BSDi aka kai ƙara, amma ba a jima ba aka haɗa da hukumar gudanarwar Jami'ar Kalifoniya. Zargin shi ne cewa malamai da ɗaliban jami'ar da ke Berkeley sun kwashi sirrin manhajar Unix, mallakar kamfanin, sun watsa wa duniya.

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka rikici ne irin wanda aka saba gani tsakanin mai kaya da wanda ake zargi da sata. To amma shekara 18 kafin wannan ƙara, kamfanin ne da kansa ya naɗe manhajar a faifai ya aika wa jami'ar. Bayan haka kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro ta, Ken Thompson, ya tashi takanas ya je Berkeley ya shekara yana koyarwa, yana zama da ɗalibai suna bin rubutun manhajar layi bayan layi. Yaya aka yi malami ya koma mai ƙara, ɗalibi ya koma wanda ake tuhuma? Amsar tana cikin tarihin Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin, da doguwar hulɗarta da jami'o'i. Tarihi ne da ya shafi mai karatu kai tsaye, domin wayar da ke hannunsa a yanzu daga wannan hulɗa ta samo asali.

Muryar da ta kasa ƙetare Amurka

A farkon ƙarni na 20 babbar matsalar AT&T ita ce nisa. Murya in ta shiga waya takan yi ta raguwa har ta ɓace. Da dabarun da ake da su a lokacin, zuwa 1911 an iya haɗa New York da Denver, amma daga nan zuwa gaɓar tekun yamma abin ya faskara. Ita ma dabarar da ta kai su Denver sai da ta jawo jayayya tsakanin injiniyan kamfanin, George Campbell, da wani farfesa na Jami'ar Columbia, Michael Pupin, a kan wanda ya riga wani gano ta. Daga ƙarshe kamfanin ya sayi haƙƙin ƙirƙirar daga hannun farfesan. Darasin da shugabanni suka ɗauka shi ne, matuƙar ilimin yana hannun wasu, to kullum da kuɗi za a riƙa fansarsa.

Babban injiniyan kamfanin, John J. Carty, ya riga ya yi alkawarin cewa za a yi magana daga New York zuwa San Francisco kafin babban baje-kolin da za a yi a can a 1915. Aka ɗora aikin a kan Frank Jewett, wanda ya yi digirinsa na uku a fannin fiziks a Jami'ar Chicago. Jewett ya fahimci cewa abin da ake bukata ya wuce ƙwarewar mai ɗaura waya. Sai an samu wanda ya san halayyar ƙwayoyin lantarki su kansu. Sai ya nufi tsohon abokinsa na Chicago, Farfesa Robert Millikan, ya roƙe shi ya ba shi ɗalibansa mafi hazaƙa.

Na farko da Millikan ya turo shi ne Harold Arnold, a 1911. Da aka kawo wa kamfanin wata na'ura ta Lee de Forest, ƙwan gilashi mai ƙara ƙarfin sigina amma mai yawan gardama, Arnold ne ya gano cewa ragowar iskar da ke cikin ƙwan ce ke hana shi aiki yadda ya kamata. Aka zuƙe iskar sosai, na'urar ta daidaita. Ranar 25 ga Janairun 1915, Alexander Graham Bell yana New York ya yi magana da tsohon mataimakinsa Thomas Watson yana San Francisco, a kan layin da ya haura kilomita 5,000.

Daga nan hanya ta buɗe. Harvey Fletcher da Mervin Kelly, su ma ɗaliban Millikan, suka biyo baya. Salon hulɗar farko ke nan: jami'a ta horar da mutum, kamfani ya ɗauke shi ya ba shi matsala ta gaske da kayan aiki.

Daga ina kuɗin suke fitowa?

A ranar 1 ga Janairun 1925 aka haɗa sassan bincike wuri guda aka kafa Bell Telephone Laboratories, a wani gini da ke titin West a New York, Jewett ne shugabanta na farko. AT&T da reshensa mai ƙera kayayyaki, Western Electric, su suka mallake ta tare.

Abin da ya bambanta wannan cibiya da sauran shi ne tushen kuɗinta. AT&T ya yi babakere a harkar tarhon Amurka, kuma gwamnati ta ƙyale shi bisa sharaɗin cewa hukumomi ne za su riƙa ƙayyade farashi. Saboda haka ribarsa ba ta tashi sama ƙwarai, amma kuma ba ta yankewa. Daga kuɗin da kowane mai tarho ke biya a wata, wani ɗan kaso yana gangarawa zuwa bincike. Kamfanin da ba shi da abokin gasa ba ya fargabar wani zai riga shi cin moriyar abin da ya gano, don haka yana iya jiran shekara 20 kafin bincike ya haifar da kuɗi. Wannan haƙuri ne ya ba Clinton Davisson damar yin gwajin da ya nuna a 1927 cewa ƙwayar lantarki tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, aikin da ya kawo wa cibiyar lambar Nobel ta farko a 1937, alhali ba shi da wata alaƙa ta kusa da gyaran layin tarho.

Mervin Kelly, wanda ya zama daraktan bincike a 1936 sannan shugaban cibiyar a 1951, ya tsara wurin kamar jami'ar da ba ta da ɗalibai. A sabon mazauninta na Murray Hill a New Jersey, an yi dogayen barandu da gangan domin masanin lissafi ya riƙa cin karo da masanin ƙarafa a hanyarsa ta zuwa cin abinci. Ana barin masu bincike su wallafa sakamakonsu a mujallun ilimi, su halarci taruka, su koyar da juna darussa. Da haka ne kamfanin ya iya jawo mutanen da in ba don haka ba kujerar farfesa za su nema.

Tiranzista da iyakar zumunci

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Kelly ya kafa rukunin da zai nemo abin da zai maye gurbin ƙwan gilashin nan, wanda ke cin wuta, yana zafi, yana yawan ƙonewa. William Shockley daga MIT ya fito, John Bardeen daga Princeton, Walter Brattain daga Jami'ar Minnesota. A watan Disambar 1947 Bardeen da Brattain suka haɗa tiranzista ta farko da wani ɗan gutsuren ma'adinin jamaniyom.

A nan ne aka ga iyakar zumuncin. Wani rukuni a Jami'ar Purdue, ƙarƙashin Karl Lark-Horovitz, ya yi shekarun yaƙi yana nazarin jamaniyom, kuma aikinsu na cikin abin da mutanen Bell suka dogara da shi. Da Bell ta cimma nasara sai ta ja bakinta ta yi shiru har wata shida, lauyoyi suna shirya takardun haƙƙin ƙirƙira, ana fargabar kada mutanen Purdue su riga su. Sai ranar 30 ga Yunin 1948 aka sanar da duniya. Ana musayar ilimi da jami'a hannu sake, amma da zarar abin ya kusa zama dukiya sai a rufe ƙofa har a gama rajista.

Su kansu mutum ukun ba su daɗe tare ba. Bardeen, wanda ya gaji da halin Shockley, ya koma Jami'ar Illinois a 1951, inda ya yi aikin da ya kawo masa Nobel ta biyu a 1972. Shockley ya tafi Kalifoniya ya kafa kamfaninsa a 1956 kusa da Jami'ar Stanford, inda Frederick Terman ke ƙoƙarin jawo masana'antu su zauna a gefen jami'a. Shekara guda bayan haka ma'aikatansa takwas suka yi masa tawaye suka kafa Fairchild Semiconductor, biyu daga cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka kafa Intel a 1968. Yankin da ake kira Silicon Valley a yau da irin da aka ɗebo daga New Jersey aka shuka shi. Claude Shannon ma, wanda maƙalarsa ta 1948 ta kafa ilimin auna bayanai da aika su, MIT ya koma a 1956. Ruwan da ya gangaro daga jami'o'i zuwa kamfani ya fara komawa inda ya fito.

Hukuncin 1956

A 1949 gwamnatin Amurka ta kai AT&T ƙara bisa zargin danne gasa, tana neman a raba shi da Western Electric. Aka yi shekara bakwai ana ja, sannan aka sasanta a Janairun 1956. Kamfanin ya tsira da jikinsa, amma ya karɓi sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na farko, dubban takardun haƙƙin ƙirƙira da yake riƙe da su a lokacin, duk kamfanin Amurka da ya nema a ba shi lasisinsu kyauta, waɗanda za su zo nan gaba kuma a bayar a kan farashi mai sauƙi. Na biyu, kada ya shiga wata sana'a in ba ta sadarwa ba.

Tun kafin hukuncin, da yake shari'ar tana rataye a wuyansa, kamfanin ya fara sassautawa. A 1952 ya tara kamfanonin da suka biya dala 25,000 ya koya musu yadda ake ƙera tiranzista. Ba da jimawa ba wani ƙaramin kamfanin Japan, wanda daga baya ya koma Sony, ya sayi lasisin, ya fitar da rediyonsa a 1955. Rediyo mai batir da ake ratayawa a kafaɗa, wanda ya kai labaran duniya gonaki da rugage a ƙasar Hausa, jikan wannan shawara ne. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, daidai lokacin da irin wannan rediyo ke shirin yin araha.

Sharaɗi na biyu kuwa ba wanda ya hango inda zai kai. Shi ne ya buɗe ƙofar da Unix ta bi ta fita.

Tattabaru da kiran waya zuwa Princeton

Kafin mu kai ga Unix, akwai wani labari da ke nuna hulɗar a lokacin da take kan ganiyarta. A 1964 matasa biyu, Arno Penzias daga Columbia da Robert Wilson daga Caltech, suka karɓi wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho da kamfanin ya gina a Holmdel don gwajin sadarwa ta tauraron ɗan'adam. Suna so su yi nazarin sararin samaniya da ita, amma wani ɗan ƙara ya ƙi barin na'urarsu. Duk inda suka juya eriyar yana nan, dare da rana, rani da damina. Suka binciki wayoyi, suka kori tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka goge kashinsu. Ƙaran bai tafi ba.

A Princeton, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, Farfesa Robert Dicke da abokan aikinsa, ciki har da Jim Peebles, suna da hasashe amma ba su gama haɗa na'ura ba. Lissafinsu ya nuna cewa in har sararin samaniya ya faro ne daga yanayi mai tsananin zafi sannan ya yi ta faɗaɗa, to dole a samu ragowar ɗumin nan ko'ina. Wani masani, Bernard Burke, shi ya ba Penzias labarin aikin Peebles, Penzias ya ɗaga waya ya kira Dicke. Ɓangare ɗaya yana da amsa bai san tambayar ba, ɗayan yana da tambaya bai kai ga amsa ba. A 1965 suka wallafa maƙaloli biyu a jere a mujalla ɗaya, ta Princeton tana bayani, ta Bell tana kawo awo.

Penzias da Wilson suka samu Nobel a 1978. Dicke ya rasu bai samu ba, Peebles kuwa sai a 2019. Ko a cikin haɗin kai mafi tsafta, rabon yabo bai zo daidai ba.

Manhajar da ba a iya sayarwa

A tsakiyar shekarun 1960 Bell Labs ta shiga wani babban aiki tare da MIT da kamfanin General Electric, na gina Multics, uwar manhajar da za ta ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Aikin ya yi girma, ya ci kuɗi, ya yi ta jinkiri. A 1969 shugabannin Bell suka janye.

Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka ɗanɗani daɗin aiki a kan Multics, ba su haƙura ba. Thompson ya samu wata tsohuwar kwamfuta ƙirar PDP-7 da aka yi watsi da ita, ya rubuta ƙaramar uwar manhaja mai sauƙi. Da suka bukaci sabuwar na'ura, sai suka shawo kan shugabanni da alkawarin cewa za su yi wa sashen rajistar ƙirƙira manhajar buga takardu. Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, kuma a 1973 aka sake rubuta Unix da shi. Muhimmancin wannan shi ne, a da kowace uwar manhaja a ɗaure take da irin kwamfutar da aka rubuta ta dominta. Yanzu ana iya ɗauke Unix a dasa ta a wata na'ura dabam.

A Oktoban 1973 suka gabatar da aikin a wani taron masana, aka wallafa maƙalar a Yulin 1974. Buƙatu suka yi ta shigowa daga jami'o'i. Lauyoyin AT&T suka duba hukuncin 1956: kamfanin ba shi da izinin cinikin manhaja, kuma an wajabta masa bayar da lasisi. Mafitar da suka samu ita ce a ba jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan, tare da ainihin rubutunta gaba ɗaya, ba talla, ba tallafi, ba alkawarin gyara.

Rashin tallafin nan shi ya zama alheri. Da yake ba wanda za a kira in abu ya lalace, masu amfani da ita suka koma taimakon juna, suna aika wa juna gyare-gyare a faifai, cuɗe ni in cuɗe ka. A Ostireliya, John Lions na Jami'ar New South Wales ya ɗauki rubutun bugu na shida, wanda bai kai layi 10,000 ba, ya yi masa sharhi domin ɗalibansa. A karon farko ɗalibi na iya karanta cikakkiyar uwar manhaja mai aiki daga farko zuwa ƙarshe a zangon karatu ɗaya. A Jami'ar Wollongong, ita ma a Ostireliya, aka dasa Unix a wata kwamfuta dabam a 1977.

Berkeley ce ta fi kowa nisa. Farfesa Bob Fabry, wanda ya halarci taron 1973, ya karɓi manhajar a farkon 1974. Thompson, tsohon ɗalibin jami'ar, ya zo hutun bincike a 1975. Wani ɗalibi mai suna Bill Joy ya fara tattara ƙarin da suka yi yana rarrabawa daga 1978 da sunan BSD. Hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta zuba kuɗi a aikin, kuma a 1983 bugun 4.2BSD ya fito ɗauke da ƙa'idojin TCP/IP, harshen da kwamfutoci ke magana da shi a intanet. Ta wannan hanya ce ƙa'idojin suka bazu a jami'o'i da kamfanoni. Gyare-gyaren Berkeley da yawa kuma suka koma cikin Unix ta AT&T. Bayan shekara goma ana wannan kai da kawo, da wuya a ce ga inda gonar wani ta tsaya ta wani ta fara.

Ranar da aka buɗe kasuwa

Alamar sauyi ta fara bayyana a 1979. Lasisin bugu na bakwai ya hana koyar da rubutun manhajar a aji. Littafin Lions ya koma abin da ɗalibai ke kwafa a ɓoye, kwafi daga kwafi har rubutun ya dusashe. Sai a 1996 aka yarda a buga shi a fili. A Amsterdam, Farfesa Andrew Tanenbaum ya ga an raba shi da abin koyarwa, sai ya zauna ya rubuta tasa ƙaramar manhajar mai kama da Unix, wadda ya kira Minix, ya fitar a 1987.

Babban juyi kuwa daga kotu ya sake zuwa. Gwamnati ta sake shigar da ƙara a 1974, aka sasanta a 1982, kuma a ranar 1 ga Janairun 1984 aka raba AT&T da kamfanoninsa na yankuna, aka mayar da su kamfanoni bakwai masu zaman kansu. A madadin haka aka ɗage masa takunkumin 1956. Yanzu yana iya sayar da kwamfuta da manhaja. Unix ta tashi daga abin da ake aika wa abokai ta koma haja, farashin lasisin rubutunta ya yi ta hawa har ya gagari ƙananan masu bukata.

Mutanen Berkeley suka yanke shawarar tsame hannun AT&T daga BSD gaba ɗaya. Keith Bostic ya jagoranci gayyar masu sa kai daga ko'ina, kowa ya ɗauki wani yanki ya sake rubuta shi daga tushe. A 1991 suka fitar da sakamakon ga duk mai so, ba tare da lasisin AT&T ba. Kamfanin BSDi ya cike ɗan abin da ya rage ya fara sayarwa a farashin da bai kai na AT&T ba ko kusa, har ya sa kalmar Unix a lambar wayarsa ta talla. Daga nan aka tafi kotu.

Shari'ar ba ta tafi yadda mai ƙara ya so ba. A 1993 alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi bayar da umarnin dakatar da rarraba manhajar, yana shakkar ƙarfin hujjojin kamfanin. Abin da aka raba wa dubban ɗalibai shekara da shekaru, da wane baki za a kira shi sirri? Jami'ar kuma ta shigar da tata ƙarar a Kalifoniya, tana cewa AT&T ya kwashi rubutun Berkeley ya sa a hajarsa ba tare da ambaton masu shi ba. Ana cikin haka kamfanin Novell ya sayi reshen Unix, aka sasanta a farkon 1994. Daga fayil kusan 18,000, uku kacal aka cire, aka ƙara wa wasu kimanin 70 bayanin haƙƙin mallaka.

Jami'a ta yi nasara, amma shekara biyun da aka yi ana shari'a sun yi tsada. Mutane sun ji tsoron gina aikinsu a kan manhajar da ba a san makomarta ba. Gab da fara wannan shari'a ne wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, wanda ya koyi sana'ar a kan Minix ta Tanenbaum, ya fitar da Linux a 1991, ba ta da ko layi ɗaya na AT&T. Shi da kansa ya taɓa cewa da BSD mai aiki a ƙananan kwamfutoci ta samu a lokacin da ya fara, da wataƙila bai rubuta tasa ba. A yau wayoyin Android a kan Linux suke tafiya, iPhone da kwamfutocin Apple kuma suna ɗauke da gadon BSD haɗe da wani aiki na Jami'ar Carnegie Mellon. AT&T, wanda a gidansa aka haifi Unix, bai ci ko kaɗan daga wannan kasuwa ba.

Abin da ya rage

Bayan 1984 rijiyar da ke shayar da Bell Labs ta fara ƙafewa. Aka yanki wani ɓangare aka ba kamfanonin yankuna. A 1996 mafi yawan cibiyar ta koma ƙarƙashin Lucent, a 2006 ta zama ta Alcatel-Lucent, a 2016 Nokia ta Finland ta saye. A 2008 aka sanar da janyewa daga binciken fiziks na tushe domin a mayar da hankali kan abin da zai shiga kasuwa da wuri. Manyanta suka watse: Steven Chu ya tafi Stanford, Alfred Aho ya tafi Columbia, Brian Kernighan ya tafi Princeton, Yann LeCun, wanda ya koya wa kwamfuta karanta lambobin da aka rubuta da hannu, ya ƙare a Jami'ar New York. Thompson ya koma Google. Ritchie ya rasu a Oktoban 2011, mako guda bayan Steve Jobs, ba tare da duniya ta yi wani juyayi mai yawa ba.

Akwai masu kallon wannan tarihi da kewa, suna cewa a dawo da irin Bell Labs. Kafin a yi wannan fata ya kamata a tuna farashinta. Babakeren da ya ciyar da masana shi ne kuma ya hana Ba'amurke haɗa kowace na'ura da layin tarhonsa in ba ta kamfanin ba ce, har sai da hukuma ta karya dokar a 1968. A cikin shekarun 1930 wani injiniyan cibiyar, Clarence Hickman, ya haɗa na'urar naɗar saƙon waya, shugabanni suka binne aikin don tsoron kada mutane su guji tarho in sun san ana iya naɗar maganarsu. Hannun da ya buɗe wasu ƙofofi shi ya kulle wasu.

Abin da tarihin ya fi nunawa a fili shi ne cewa karamcin kamfanin ga jami'o'i ya bi yanayin doka sau da ƙafa. Masu binciken kansu, irin su Thompson da Penzias, mutane ne masu son raba abin da suka sani, kuma hakan bai canza ba. Abin da ya canza shi ne lissafin lauyoyi. Lokacin da doka ta hana sayarwa, rabawa ba ta rage wa kamfanin komai ba, sai ya raba. Da aka ɗage hanin, abin da aka bayar jiya ya zama abin da ake nema a kotu yau. Su ma jami'o'in ba su tsaya inda suke ba: dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba su damar mallakar haƙƙin abin da suka gano da kuɗin gwamnati, suka buɗe ofisoshin sayar da lasisi, suka koyi lissafin da kamfanoni ke yi.

Wannan tambaya ta dawo da ƙarfi a zamanin ƙirƙirarriyar basira. Manyan kamfanonin fasaha ne ke da kwamfutoci da bayanan da babu jami'ar da za ta iya saya, suna ɗaukar farfesoshi, suna ɗaukar nauyin ɗalibai, suna zaɓar abin da za su wallafa da abin da za su riƙe. Duk jami'ar da za ta sa hannu a irin wannan yarjejeniya, a Boston take ko a Zariya, tana da abin koyo daga Berkeley: a rubuta tun farko wane ne mai abin da za a gano tare, wa ke da ikon koyar da shi a aji, da abin da zai faru in kamfanin ya canza shawara ko ya canza mai shi. Berkeley ta tsira ne domin ta ajiye shaidar abin da mutanenta suka rubuta, kuma tana da ɗaliban da za su iya sake gina abin da aka ƙwace.

A ƙarshen 2023 Nokia ta sanar cewa Bell Labs za ta bar Murray Hill, inda aka haɗa tiranzista aka rubuta Unix, ta koma wani sabon gini a birnin New Brunswick, mazaunin Jami'ar Rutgers, wajen 2028. Cikin dalilan da aka bayar har da kusanci da jami'o'i. Fiye da shekara 100 bayan Jewett ya je wa Millikan neman ɗalibai, cibiyar ta sake tattara kayanta ta nufi ƙofar makaranta.